Jan Fenti a Jikin Kanya

Ranar Talata da hantsi na dawo daga ɗebo taki, ina ture da baro, na tarar an shafa wa kanyar da ke bakin garkata jan fenti, ƙaton gicciye daidai ƙirjin mutum. Ku takwas ne a tsaye, kowa da riga iri ɗaya. Shugabanku Mubarak, jikan Hajiya Ladi ta bayan masallaci, ya rusuna ya gaishe ni, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, sannan ya miƙo mini takarda.

"Baba Halilu, ƙungiyarmu ta matasan unguwa ce za ta ƙawata layin nan," in ji shi. "Itace iri ɗaya za mu jera daga nan har bakin titi, tsayi ɗaya, tazara ɗaya. To ita wannan ta ɓata mana layi, kuma tun muna yara ba wanda ya taɓa ganin ɗa ko guda a jikinta. Mai unguwa ya ce ba za a sa mata gatari ba sai kai ka ce ba ta da amfani, tunda sana'arka ce. Hannu kawai za ka sa a nan."

Wani dogo a bayansa, mai waya a hannu, ya ce, "Ai dashe ba wani aiki ba ne, Baba. Rami ne da ruwa."

Na ce ku ba ni kwana uku. To ga amsata a rubuce, don na yi yaƙi da jahilci, kuma hannuna bai fara rawa ba tukuna. Tunda ku ne 'yan boko, ku daure ku karanta har ƙarshe.

Aikin farko da aka sa ni a sana'ar nan shi ne tsintar kashin awaki. Ina da shekara goma sha biyar mahaifina ya kawo ni wurin Malam Garba, mutumin Tsiga, mai garkar renon itatuwa a bakin rafin nan, nan inda nake har yau. Na zo da zaton za a ba ni wuƙa in riƙa aurar da mangwaro, wato ɗora reshen mai daɗi a kan gindin wani. Sai ya miƙo mini ƙwarya ya tura ni wani turke a bayan gari, ya ce in tsinto kashin awakin da suka ci 'ya'yan gawo, in murje in fitar da ƙwayar. Ƙwayar gawo ba ta tsira da daɗin rai sai ta bi ta cikin dabba. In ka shuka wadda ka ɓare da hannu, sai ka yi wata guda kana gadin ƙasa. Ta ɗorawa ruwan zafi take so, a zuba mata a bar ta ta kwana a ciki. Ta kaɗanya kuwa ba ta jiran kowa: in ta faɗo yau, ka shuka ta cikin makon nan, in ka jefa ta a buhu to man kaɗe ka ajiye, ba iri ba. Malam Garba sau ɗaya yake faɗa maka irin wannan, in ka manta sai ka koya daga asara.

A lokacin babu baƙar ledar nan da kuke gani. Gwangwanin madara da na tumatir muke bi bola muna tsinta, mu huda gindinsa da ƙusa. Ƙasar da za a zuba kashi uku ce, ta gindin gawo, yashin rafi da ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe da rariya kamar za a yi tuwo. Na taɓa yin gaggawa na zuba ɗanyen taki, ya ƙone mini saiwar gwaiba layi guda, Malam ya sa na juye su ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Ban ruwa da sassafe ne da la'asar. Toka ita ce maganin gara. Duk bayan 'yan makonni sai an ɗaga kowane gwangwani an matsar da shi, in ba haka ba saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar da mai saye ya zo ka cire, ka kashe masa itace a gabansa. Kanya ta fi kowa wannan hali. A sama shekara guda ba ta wuce tafin hannu, a ƙasa kuwa saiwarta ta yi nisa. Kai dogo mai waya, wannan shi ne raminka da ruwanka.

Duk Juma'a in an sauko masallaci, Malam Garba ba ya komawa garka. Sai ya ce in biyo shi mu zaga gari a ƙasa. Na ɗauka ziyara ce, ashe karatu ne. Zai ja ya tsaya a bakin lungu ya ce, "Kai, me ka gani?" In na ce gidaje, ya ce ban ga komai ba. A haka na gane ba ƙasa da ruwan sama kaɗai ke zaɓen itacen da zai tsaya a cikin gari ba. A tsohon gari, inda mutum ya gaji gida kuma ya san ɗansa zai gada, nan za ka ga kanya da ɗinya da tsamiya da kurna, itatuwan da mai dasa su ba lallai ya ci ba. A gidajen haya sai gwanda da zogale da ayaba, abin da zai ba ka amfani kafin mai gida ya ce ka tashi. A bakin hanya kuwa akuya ce alƙali. Duk abin da bakinta ke so ba ya kai labari, shi ya sa darbejiya, wadda mu nan muke ce wa bedi, ta cinye hanyoyin Funtuwa, ba don ta fi kowa ba sai don ɗacinta. Tsamiya da kuka sun tsira a wurare da yawa saboda masu gatari na tsoron abin da aka ce yana zaune a cikinsu. Ni ban taɓa gani ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba, don tsoron nan ya yi mana gadin da ba mu biya ba. Maƙabarta ita ce rumbunmu, ba mai sara a can, nan muke samo irin taura da faru bayan sun ɓace a gonaki. Ceɗiya da ɓaure kuwa jemage da tsuntsu ke dasa su, su sauke a tsagar katanga su yi gaba.

Baƙi ma sun kawo nasu. Maman Emeka mai shagon kwanuka ita ta fara kawo mini ƙwayar ugu, wani ganyen miya mai yaɗo, daga garinsu, a naɗe cikin tsumma, ta ce in raya mata. Yau ga shi nan yana hawa katangar gidajen Hausawa kamar an haife shi a nan. Daga baya siminti ya shigo cikin zaɓen. Wani ya gina sabon gida, ya shimfiɗa intalok, bulon daɓen nan, har bakin ƙofa, ya bar ɗan rami kamar bakin tulu, ya zo ya ce in ba shi itacen da ba ya zubar da ganye, ba ya yin saiwa, kuma ba ya tara tsuntsaye. Na ce, "Alhaji, wannan ai sai dai turken lantarki." Ya yi fushi ya tafi, bayan mako biyu ya dawo ya sayi lemo.

Yanzu bari in zo kan kanya, don ita ce ta tara mu. Doka biyu Malam Garba yake da su a kanta, kuma dukansu na raina. Ta farko, ba ya sayar da ita ƙwaya ɗaya, uku ko babu. In mutum ya ce gidansa ba fili, sai ya ce ya kai wa maƙwabta biyun. Ta biyu, akwai wata tsohuwar kanya a kangon da ke gefen tsohuwar rijiya, a tsakiyar unguwar nan, ƙatuwa, mutum biyu ba sa iya rungume ta. Duk bazara sai ta yi fure har ƙasa ta yi fari, amma ba ta taɓa yin ɗa ba. Juya ake ce mata. Malam duk rani sai ya je ya share gindinta kada wuta ta kama, ya kori masu sassaƙar ɓawo, ya yi cacar baki da masu sassaƙa turmi da ke zagayenta. Wata rana na tambaye shi dalili.

"Haka na tarar babana yana yi," in ji shi. "Shi ya ce in aka rasa irin wannan, an rasa sauran."

"Ta yaya, Malam?"

"Ban tambaye shi ba. Mu a zamaninmu ba ma tambaya. Ɗauki butar can."

Na ɗauki buta, amma a raina na riga na yanke hukunci: ta farko dabarar ciniki ce, ta biyu kuma camfi.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, garka ta dawo hannuna. Ina da ƙarfi, ina da baki, ga rawar kai. Na fara sayar da kanya ɗaya-ɗaya, ciniki ya buɗe. In bayan shekaru mutum ya zo ya ce tasa ta girma ba ta haihuwa, sai in ba shi haƙuri, in ce an yi rashin sa'a juya ce, ya sare in ba shi wata kyauta. Har yabona ake yi, wai Halilu mai gaskiya. Waɗanda Malam ya dasa uku-uku ma, masu gidajen suka bi suka sare marasa 'ya'yan suka bar masu yi, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa sun yi daidai.

Ana nan sai aka sayar da kangon nan. Alhaji Sabo, dillalin auduga, shi ya saya zai gina sito. Mutumin kirki ne, bai yi gaban kansa ba. Ya aika aka kira ni, muka tsaya a inuwar tsohuwar kanyar, ya dafa ta ya ce, "Halilu, kai ne magajin Malam Garba, kuma na san yadda ya riƙe itacen nan. In tana da amfani, sai in ja ginin baya in bar ta. Tana da amfani?"

Na ɗaga kai na dube ta. Gaskiyar magana, so nake a san ni ma masani ne, ba ɗan aiken mamaci ba. Na ce, "Alhaji, juya ce. Sai dai turmi."

Kwana biyu masu gatari suka yi a kanta. An fitar da turame masu kyau, har ni aka aiko wa da guda, na karɓa na yi godiya. Matata ta ce ba ta taɓa samun turmi mai nauyinsa ba.

Bazarar da ta biyo, duk kanyar da ke unguwa ta yi fure kamar kullum. Furen ya zube, ba ƙulli, sai ɗaya nan ɗaya can. Aka ce iska ce. Shekara ta biyu ma haka, aka ɗora wa ƙarancin ruwa, wasu suka ce hayaƙin injin niƙa ne. A ta uku aka daina neman dalili a sama, aka juyo kaina. Aka ce irin da nake sayarwa juya ne, aka ce hannuna ba albarka, har waɗanda Malam ya dasa na shafa musu. Wannan ita ce shekarar da ba na mantawa a sana'ata. Mangwaro ɗan aure, lemo, gwaiba, abin da bai san hawa ba bai san sauka ba, suka zauna a leda har saiwa ta fasa, ba mai so daga hannuna. Mutum zai wuce ta ƙofar garkata ya hau mota ya tafi Malumfashi sayen dashe. Kusan kowane mako sai na ji ƙarar gatari daga wani gida, kuma na san abin da ake sara. Wani ma da ya sare tasa, janyo ta ya yi a ƙasa har bakin garka ya yasar mini, ya ce ga kayana nan.

Ana cikin haka Hajiya Ladi ta aiko kirana. Kakarka ke nan, Mubarak. Kanyar da ke tsakar gidanta Malam Garba ne ya dasa ta shekarar da ta tare, kuma duk unguwa babu mai zaƙinta. Na durƙusa a bakin zaure na gaishe ta.

"Halilu, shekara uku ke nan tana zuba mini ganye ina shara, ko ɗa guda babu," in ji ta. "Ɗana ya ce a sare a yi ɗaki a wurin. Kai me ka ce?"

"Hajiya, ki ba ni bazara ɗaya."

"Me za ka yi mata a bazara ɗaya? Rubutu za ka ba ta ta sha?"

"Wallahi ban sani ba, Hajiya."

Ta ce, "To, ka dai faɗi gaskiya. Na ba ka. Amma in ba ta yi ba, kai za ka riƙe gatarin da hannunka."

Da kaka ta yi, tunda ba ciniki balle ya tsare ni, na shiga yawon neman inda kanya ke haihuwa har yanzu. Na je Mahuta, na je Tsiga, na nausa wajen Kafur. A wata fadama can na tarar da su a tsaye wuri ɗaya, rassa har suna rinjaya don 'ya'ya. A tsakiyarsu akwai guda biyu da ba su da ko ɗa, kuma a kansu aka ɗaure amya. Mai amyar, Malam Tanko mai zuma, yana ƙasa yana gyaran igiya. Na yi sallama, na tambaye shi me ya sa bai sare juyoyin nan ya huta ba.

Ya ajiye igiya ya dube ni sama da ƙasa. "Mene ne sana'arka, bawan Allah?"

"Renon itatuwa."

"Kana renon itatuwa ba ka san kanya tana da namiji ba? Giginya fa? Gwanda fa? Ka taɓa ganin namijin gwanda da ɗa?" Ya girgiza kai. "Dawo da bazara in nuna maka da idonka."

Na dawo. Ya tsinko reshe daga nan, ya tsinko daga can, ya ɗora mini a tafin hannu. Furen namiji a cure yake, uku-uku ko fiye a wuri ɗaya. Na macen ɗaya tilo ne, da ɗan kumburi a gindinsa, nan ne ɗan zai fito. Ya nuna mini ƙudan zuma suna tashi daga wannan suna sauka a kan waccan. Shekara ashirin ina tsintar furen nan a ƙasa ina sharewa, ban taɓa ɗaga guda na duba ba. Na sulale na zauna a kan kunya. Kunya kuma ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don a take na gane dokokin Malam duka biyun. A ƙwaya ba ka sanin mace ba ka sanin namiji sai ta girma ta yi fure, shi ya sa uku. Kuma da muka bi muka sare mazan cikin gidaje, tsohon nan na gefen rijiya shi kaɗai ya rage yana riƙe da unguwa gaba ɗaya. Alhaji Sabo ya ce zai ja gini baya. Ni na hana.

Kanyar Hajiya tana cikin fure a lokacin, kuma fure ba ya jira. Na roƙi Malam Tanko ya bar ni in yanki rassan namijin. Zuwan farko na naɗe su a buhu, kafin motar kasuwa ta iso Funtuwa sun yi laushi sun zube. Zuwa na biyu na tafi da tulu, na cika shi da ruwa, na tsoma rassan na rungume shi a cinya tun daga Kafur. Duk ramin da mota ta faɗa sai ruwa ya fallatsa wa na kusa da ni, direba yana ta masifa, wata mata ta ce ita ba ta taɓa shiga mota da mai taɓin hankali ba sai yau. Da na iso na hau kanyar, na rataye gwangwanaye da ruwa a rassanta, na sossoka furannin a ciki. Duk bayan kwana uku sai na koma na kawo sababbi, har furen ya ƙare.

Unguwa ta samu abin dariya. Aka ce Halilu ya zare, ya koma yi wa itace aure da gaske. In na shigo da tuluna, Hajiya tana daga kan tabarma sai ta ce, "To, angon ya iso? A ba shi wuri." Ni dai kunnena yana sama, wajen rassan. Rana ta biyu na ji gunjin ƙudan zuma a cikin rassan.

Da damina ta kankama na hau na duba, na ga ƙulli kore-kore, ƙanana kamar ƙwayar gujiya. Ba ta cika kamar da ba, wajen da gwangwanayen suke ne ya fi yi. Amma da kaka sai ga ƙwarya an aiko daga gidan Hajiya, cike da kanya nunanna, da saƙon cewa gatari ya huta. Sauran gidajen da ba su riga sun sare ba suka fara aiko mini, wasu da kunya, wasu kamar ba su ne suka ce hannuna ba albarka ba.

Sai dai mutum ba zai ƙare rayuwarsa yana rungume da tulu a mota ba. Dole unguwa ta samu namijinta. In na shuka ƙwaya, sai na jira shekaru kafin in san abin da na shuka. Wata rana cikin damina ina wucewa ta bayan siton Alhaji Sabo, a gefen kwata, na ga wasu 'yan toho masu jan ganye sun fito daga ƙasa. Na tsaya, na durƙusa, na murza ganyen. Kanya ce. An sare tsohon, an yi gini a kansa, amma saiwarsa ba ta mutu ba, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta ɓullo. Toho daga saiwa kuwa ba ya canza hali, abin da uban yake shi ne shi. Na nemi izinin Alhaji, na faɗa masa abin da na yi masa da abin da na yi wa unguwa, bai ce komai ba sai "Allah Ya kyauta, haƙa." Na haƙo guda biyar, kowanne da guntun saiwa. Huɗu suka mutu a hannuna. Ɗaya ya yi kamar zai bi su, ya zubar da ganye sarai, sannan ya farfaɗo.

Na dasa shi a bakin garka inda idona zai riƙa kai wa. Na kifa masa kwando, na kewaye da ƙaya, na yi faɗa da akuyar kowa a layin nan, har da ta mai unguwa. Shekara tara ya yi kafin ya yi fure, kuma duk shekarun nan tara, kowace bazara ina kan hanyar Kafur da tuluna. Shekarar da ya yi fure na ajiye tulu. Tun daga nan kanya ba ta sake fashi a unguwar nan ba.

Shi ne kuka shafa wa jan fenti.

Kada ku ce in an sare sai Baba ya koma Kafur. Na je bara. Malam Tanko ya rasu, fadamar an share ta ƙal an zuba masara, ko kututture ban gani ba. Ina da toho biyu daga wannan a cikin leda, amma ko gwiwata ba su kai ba, ni kuma na san shekaruna. Kanya goma sha ɗaya suka rage a unguwar nan, na san gidan kowace. In kuka sare wannan, baɗi ba za su haihu ba. Baɗin baɗi za a ce iska ce. A ta uku masu gidajen za su kira mai gatari, kuma ba za a ga laifinsu ba, don na taɓa ganin yadda abin yake tafiya.

Ba na gaba da ƙawata layi. Dogayen itatuwan nan da kuke so, masu kama da rufaffiyar lema, ina da su a garka, ku zo ku ɗiba. Suna da kyau a hoto. Sai dai ba mai zama a inuwarsu, ba tsuntsun da ke sauka, kuma ranar da ciwo ya kama ɗaya, layin gaba ɗaya zai bi, tunda duk jini ɗaya ne. Da kun tambaye ni kafin ku sayi fenti, da na ce ku sa maɗaci inda babu waya a sama, ku sa tsamiya a bakin fili, ku tsallake gaban shagon mai walda don ba abin da zai rayu a nan. Amma ku igiya kuka ja, kuka ga abin da ya fita daga igiya, kuka ce shi ne mai laifi.

Mubarak, kanyar da kake cika aljihu da ita in za ka makaranta, har kakarka tana bin ka da tsintsiya don ka hau reshe, daga ina kake zaton ta fito? Hajiya tana nan da ranta, ko da yake ido ya tafi. Kafin ka zo wurina ranar Juma'a, shiga ɗakinta ka tambaye ta labarin angon da ake kawowa a tulu. In ta gama dariya, ka faɗa mata abin da ka shafa wa fenti.

Takardarku tana cikin wannan, yadda kuka ba ni, ban sa mata hannu ba kuma ba zan sa ba. Fentin ma ban goge ba, ku da kuka shafa ku za ku kankare. Jiya na sa matata ta juye hatsin da ke cikin turmin nan da Alhaji Sabo ya aiko mini. Ta yi ta mita, ban saurare ta ba. Na ɗora shi a baro, na turo shi har gindin kanyar, na kife shi. Nauyinsa yana nan kamar ranar da aka kawo shi.

An taɓa tsayar da ni a inuwa irin wannan aka tambaye ni ko tana da amfani, na ba da amsa. Ranar Juma'a in kun zo da gatarinku, a kan wannan amsar za ku same ni zaune.